Baƙon da Ka Aiko wa Inna

Tarka, ƙasar Damargu
Watan Cika-ciki, 1346 bayan Hijira

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga yayarka Sakinatu zuwa ga ƙanena Barmo ɗan Malam Abdu, mazaunin zangon Ajashe, can bakin teku. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci. Ina fatan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Kaltuma da ɗanku Umaru, wanda har yau kunne ne kawai ya san shi, ido bai gan shi ba. Allah ya raya shi, ya sa ya ji ƙanku, ya ba ka ƙarfin aikin da kake yi a lambun Nasara, ya tsare ka daga zazzaɓin ƙasar ruwa. Mu ma nan muna lafiya gwargwadon yadda Allah ya so. Maigida lafiya lau, yara ma haka, Balki har ta fara iya daka ba tare da ta zubar da rabin geron ba. Kawu Dodo ya rasu a cikin ɗarin da ya wuce, bayan gajeriyar jinya ta ciwon haƙarƙari, sai ka sa shi a addu'a. Ɗiyarsa Fadimata ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunan marigayin. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro, muna roƙon Allah ya sa bana ta fi bara. Inna tana nan da rai, tana taɓa abinci kaɗan-kaɗan, kuma maganarta ce ta zaunar da ni gaban Ɗanmalam, ɗan limamin garin nan, yana rubuta mini. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya zuba wa maganata zuma. Za ka ga Tarka a kan takardar maimakon Olalewa. Ba kuskuren alƙalami ba ne, mun taso, kuma in ka yi haƙuri ka saurara har ƙarshe za ka ji yadda aka yi.

Bayan haka, ka tuna itacen nan mai ganye launi-launi da ka aiko wa Inna ta hannun Ila falke, yau damina biyu ke nan. Ban taɓa ba ka labarinsa yadda ya kamata ba, saƙon baki kawai muke aika maka cewa ya iso, yana nan. Ila ya ce guda uku ka ba shi a cikin ƴan tukwane, ya cusa su tsakanin huhunan goro, duk sa'ad da ya yayyafa wa goro ruwa sai ya yayyafa musu. Ɗaya ya mutu a jirgin ƙasa kafin a kai Kano, ɗaya jaki ya taka shi a hanyar Damagaram, sai ɗayan ya iso mana, tsawonsa bai wuce kamu guda ba, da ƴan ganyaye da ba su cika tafin hannu ba. Amma ganyen, Barmo, ko ni da ba ni da sararin kallon ganye sai da na tsaya na duba. Wani jijiyoyinsa rawaya kamar an bi su da alƙalami, wani ja kamar an ƙunsa masa lalle, wani kore da ɗigo-ɗigo irin na zabuwa. Matan unguwa suka cika gidan, wasu suna murza shi da yatsa su ga ko rini ne zai fita. Ila ya isar da saƙonka, cewa Nasara kuroto suke ce masa, ba a ci, ba a sha, ba ya maganin komai, na kallo ne kawai, yana son ruwa da haske amma ba ya son rana ta dake shi. Ya kuma ce ka ce Inna ta riƙe maka shi amana, kafin ya kai ƙugunta kana tafe. Ban sani ba ko haka ka faɗa, ko Ila ne ya ƙara gishiri don ya faranta wa tsohuwa. Ita dai ta karɓi maganar da hannu biyu. Tun ranar da aka tafi da kai soja ban ga ta yi dariya irin ta ranar nan ba. Sunan Nasaran bai zauna a bakin kowa ba. Inna ta ce masa Baƙo, duk gari aka bi ta.

Ka san tun rasuwar Baba, Inna tana zaune ita kaɗai a gidansa, danga ce kawai tsakaninta da gidan maigida, ni ce ke ratsawa in yi mata shara, in kai mata tuwo da ruwa. To, sai aikin ya zama na mutum biyu. Da farko cikin ɗakinta ta ajiye shi, a bayan gado, don kada ido ya kama shi. Ka kuwa san ɗakin Inna, ko da rana tsaka sai ka lalubi abu. Ba a daɗe ba sabbin ganyen suka riƙa fitowa kore shar, babu ja babu rawaya, kamar na kowane itace. Inna ta shiga damuwa, ta ce ko Baƙo ya yi fushi ne, ko kuwa wani abu ne ya same ka. Ni na tuna da maganar haske, na fito da shi tsakar gida, a yini guda rana ta ƙone masa gefen ganye kamar an gasa. Daga nan na roƙi maigida ya kafa mana ƴar rumfar zana a ƙofar ɗakin, inda hantsi ke shiga amma ranar azahar ba ta kaiwa. A nan ya samu wurin zama, launin ya dawo sannu a hankali. Da ɗari ya shigo kuma sai ya fara zubar da ganye. Kowace safiya Inna ta tsinci ɗaya ko biyu a ƙasa, ta ƙulle su a bakin zaninta, ta ƙi karya kumallo. Muka koma shigar da shi ɗaki da almuru, mu fito da shi da hantsi kamar jinjiri. Tukunyar kuwa mun riga mun sake masa babba, kuma ni ce mai ɗauka. Har yau in na sunkuya ina jin ta a bayana.

Duk wannan wasa ne a kan maganar ruwa. Kai da kake zaune inda aka ce ruwa na bin ƙofar gida, wataƙila ka manta rijiyar Olalewa da rani, ka manta tsawon igiyarta da yadda take cin tafin hannu, da jerin tuluna tun asuba, ga Buzaye da Fulani da garkunansu suna jiran nasu rabon. Itatuwan ƙasarmu, aduwa da magarya da farar ƙaya, sun san babu, sun saba da ita. Naka bai san ta ba. In ƙasar tukunyarsa ta bushe yini guda sai ka ga ya sauke kunnuwa, in kuma aka cika masa ya kwana a jiƙe sai gindin ya fara wari. Ruwan rijiyar ma bai karɓe shi ba saboda kanwar da ke ciki, bakin ganyen ya riƙa bushewa, fari-fari ya taru a kan ƙasar. Da damina mukan tara masa ruwan sama a randa ta daban, amma randa ɗaya ina za ta kai mutum rani? Ga wasu ƴan jajayen ƙwari, ƙanana kamar garin barkono, da ke yin yana a bayan ganye in iska ta bushe, maganinsu sai a bi ganyen ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma. Inna ta ɗauki wannan aikin, tana gogewa tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ta kuma koma yin alwala a kan tukunyar don kada ɗigo ya tafi a banza. Wannan ban hana ta ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na gane ruwan shan da nake ajiye mata a ƙwarya ba cikinta yake zuwa ba. Leɓenta duk ya tsattsage, Baƙo kuwa sai ƙyalli yake yi. Da na yi mata magana sai ta ce ita ta sha ruwan Damargu shekara da shekaru, ta ƙoshi, shi kuwa baƙo ne, kuma a gidan Malam Abdu ba a taɓa barin baƙo da ƙishirwa ba. Daga ranar na ƙara tulu ɗaya a kan na kullum.

Da bazarar bara akuyar Indo, maƙwabciyarmu ta bayan gida, ta fasa danga muna rijiya, Inna kuma barci ya ɗauke ta. Kafin mu dawo ta cinye kan itacen da rabin ganyensa. Zuwa la'asar akuyar ta fara kumfar baki da zawo, washegari ta mutu. Ita kaɗai ce Indo ke tatsa, da nonon take dama wa jikokinta marayu fura. Indo ta shigo da kukanta, ta iske Inna ma tana kuka, amma na ganye, ko jajen akuyar ba ta yi mata ba. Waɗannan mata biyu tun suna amare suke tare, amma ranar nan Indo ta faɗi maganganun da ba zan sa Ɗanmalam ya rubuta ba, ta fita, ta daina taka gidan. Magana ta bazu cewa Barmo ya aiko wa uwarsa dafi daga ƙasar Nasara, wasu har suka ce a tuge shi a ƙone. Gaskiya kuwa ruwan jikinsa ba na wasa ba ne, ya taɓa hannun Balki wajen share wurin, ta kwana biyu tana susa. Maigida ya kama ƴar akuya daga cikin nasa ya aika wa Indo don a kashe wutar. Daga baya, da muna zaune, ya ce mini shi dai ya ga ana ciyar da dokin da ba ya noma, amma ko ba komai ana hawansa ranar salla. Shi kuwa Baƙo, daga inda akuyar ta gatsa sai ya fito da rassa biyu, ya yi faɗi maimakon tsawo. Kowace Juma'a Inna takan dafa bango ta miƙe kusa da shi ta gwada da ƙugunta. Ni da ke kallo daga gefe ina ganin abin da ita ba ta gani: shi yana hawa a hankali, ita kuwa tana sauka, don bayanta kullum ƙara ranƙwafawa yake yi.

Daminar bara ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke alhali gero na cikin ƙunshi, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba, ga lanho, harajin Nasara, ba ya jira. Ahmadu, wan maigida da ke nan Tarka, ya aiko cewa akwai gona a kwari, ruwa ma kusa yake, mu taso gaba ɗaya. Maigida ya yarda, kuma ya ce ba zai bar Inna a baya ba. Ka san kunyarsa, tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa zama inda take zaune ba, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Saboda haka sai ya tura limamin Olalewa ya roƙe ta. Inna ta saurari liman har ya gama, sannan ta ce ita ba za ta zauna gidan suruki ba tana da ɗa namiji a raye. Ta ce in Barmo ya zo ya iske gidan ubansa a rufe, ina zai nufa? Ta ce kuma Baƙo ko daga ɗaki zuwa rumfa aka matsar da shi sai ya zubar da ganye, balle a ɗora shi a kan dabba. Aka yi juyin duniya ta ƙi. Maigida ya jira har ɗari ya shigo, hatsi na ƙarewa, sannan ya kwashi yaran ya tafi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai in na ga hanya in biyo su, ya bar mana abin da ya rage a rumbu. Na raka su har bayan gari, Balki tana waiwaye, na dawo na ɗauki tulu. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Rabin gari ya tafi cin rani, gidaje a rufe, ko kukan turmi ba ka ji sosai. Ni ce rijiya, ni ce itacen girki, ni ce daka, ni ce jinya. A nan ne kuma hankalin Inna ya fara yawo. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara, wata rana ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona, ta ce in ajiye masa tuwo. Takan manta ta ci abinci, takan manta ta yi salla ta sake yi. Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce mata ba, shi ne Baƙo da maganar ƙugu. Zan faɗa maka abin da ke raina, don kai ƙanena ne, in ban faɗa maka ba wa zan faɗa wa? Bayan kowace salla ina jin ta tana ambaton sunanka, tana roƙa maka lafiya da arziki da hanya mai sauƙi. Ni kuwa in na shigo da tulu a ka, ƙafafuna duk kaushi, abin da take tambayata shi ne ko na ba Baƙo ruwa. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ban riƙe ta a zuciya ba, uwa ce, kuma ba da saninta take yi ba. Amma akwai ranakun da na zauna a gindin rumbu ina kallon ganyen nan masu kyau, ina tunanin ɗiyata tana wani gari ba wanda zai yi mata kitso, in ji kamar ba ni da sauran ƙarfi ko na yin fushi.

Azumi ya faɗo mana a farkon zafi. Wata rana da hantsi ina jan guga sai na ga duhu, ban ƙara sanin inda nake ba sai a kan tabarma a ɗakin Inna. Mata suka ce Allah ne ya kiyaye, baya na faɗi ba gaba ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni, ko tashi zaune ba na iyawa. Ina kwance ina jin motsi a tsakar gida, na leƙa ta ƙofa, sai na ga Indo ce da tulu. Ba ta gaida Inna ba, Inna ma ba ta gane ta ba. Ta cika randa, ta dama mana kunu, ta tsaya ta daɗe tana hararar itacen nan da ya kashe mata akuya, sannan ta karkata tulun ta juye masa sauran ruwan, ta yi tsaki ta fita. Haka ta yi ta yi kullum har na miƙe. Ita ce kuma ta sami wani mai raƙumi da ke zuwa kasuwar Tarka, ta ce ya gaya wa maigida in yana son ya iske matarsa da rai ya zo. In Allah ya kawo ka, kafin ka nemi kowa ka fara neman Indo ka yi mata godiya.

Bayan ƙaramar salla maigida ya iso da takarkari da jaki na aro. La'asar ce, ya sha hanya, ya yi baƙi ya rame. Ya shigo gidan Baba da sallama, ya tuɓe takalmi daga bakin danga, ya durƙusa can nesa kamar yadda ya saba. Inna tana ƙarƙashin rumfa da tsummanta tana goge ganye. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye tsumman ta kira sunanka. Ta ce ashe ka iso, ta ce ƙasar ruwa ba ta karɓe ka ba, dubi yadda ka rame, ta ce ka matso mana, me kake yi can kamar baƙo. Na buɗe baki zan gyara mata, sai maigida ya dube ni ya girgiza kai. Ka ji, Barmo, maigida da bai taɓa haɗa ido da ita ba, na ga ya rarrafo ya zo gabanta ya tsuguna. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta shafa gemunsa, ta ce har furfura ta fito maka ba ta sani ba. Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe kusa da tukunyar, ta nuna masa kan itacen daidai ɗaurin zaninta, ta ce ga amanarka, ta riƙe, kai ma ka cika alkawari. Ya ce mata haka ne Inna, Allah ya saka da alheri. Ta ce in kawo maka fura, na kawo, ya sha a gabanta tana kallo har ya shanye. Ni na zagaya bayan rumbu na yi kukan da na daɗe ban sami sararin yi ba. Daga baya ya ce mini bai sani ba ko ya ɗauki zunubi, zai tambayi malamai, amma da ya ga fuskarta ya kasa ce mata ba shi ba ne.

Washegari ya ce mata ya zo ne ya tafi da ita gidansa. Ta ce to me ake jira, ita ma ta gaji da zaman kaɗaici, da kanta ta ɗaure ƴan tsummokaranta. Muka rufe gidan Baba, muka bar wa Indo ta riƙa leƙawa. Aka ɗora Inna a kan jaki, Baƙo kuma a cikin kwando a kan takarkari, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zani. Duk da haka girgizar hanya da zafi suka yi aikinsu. Duk inda muka yada zango in na buɗe sai in iske ganye a zube a gindinsa, kafin mu shiga Tarka ya zama kusan sanda. Na riƙa ɓoye kwandon a bayan kaya, ina shirya abin da zan ce mata in ta gani. Ba ta tambaya ba. Tun ranar da ta nuna wa maigida shi ba ta ƙara bi ta kansa ba, ko sau ɗaya. Takan wuce ta gefen tukunyar kamar turmi ne ke ajiye. Ta ba mai kaya kayansa, ta huta. Ruwanta yanzu cikinta yake zuwa, tana barci, wani lokaci har ƴar waƙar daka take yi.

Ni ce dai har yau nake ba shi ruwa, kuma in ka tambaye ni dalili ban sani ba. Na sa shi a inuwar gabas ta ɗakina. Ruwan nan ba shi da kanwa kamar na Olalewa, rijiyar ma kusa take, ga damina ta sauka. Ya fara fito da ƴan tofo ƙanana, kore da rawaya, ja bai zo ba tukuna. Na kewaye shi da ƙaya saboda awakin mutane, don ba ni da ƙarfin wata rigimar. Matan Tarka sun ji labari suna zuwa kallo, su iske sanda da ganye kaɗan, su dubi juna su tafi.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Ba zani nake so ba, ba goro ba, kuma don Allah kada ka ƙara aiko mana da abin da ke shan ruwa. Kai nake so ka zo. Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa ne ka sha wannan doguwar hanya ka durƙusa a gabanta ta tambaye ni wane ne wannan. Ka shirya wa haka tun daga can. Duk da haka ka zo. Jikinta kullum raguwa yake yi, ban san ko za ta ga wata daminar ba. Maigida yana amsa sunanka safe da yamma, yana zama kusa da ita yana sauraron labarin ƙuruciyarka, yadda ka faɗo daga aduwa, yadda ka ɓata a kasuwar Tanut, yana cewa ya tuna. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma kaya ne da ba nasa ba, kuma in ya fito daga wurinta ina ganin nauyin abin a fuskarsa. Yaran ma sun rasa yadda za su kira ubansu a gabanta. Ni kuwa na gaji, Barmo, gajiyar da barci ba ya saukewa. Ina son in ga mutum ɗaya da ya san Inna tun tana tsaye, tun tana ɗaukar tulu biyu daga rijiya tana yi mana faɗa a hanya, mu zauna mu yi hirarta tun tana da rai. Zumunci a ƙafa yake. Ila zai biyo ta nan bayan kaka, zai kuma koma kudu, hanyar da ta kawo itace ba za ta gagari mutum ba. In kuwa ka san ba za ka iya ba, ka sa a rubuto mini a fili, zan fahimta, kowa da abin da ya ɗaure shi. Kada dai ka ƙara ba Ila alkawari ya kawo, don mu ne ke zama da shi.

Ka gaida Kaltuma da kyau, ka ce mata yayarta na yi mata sannu da hidima, ka shafa mini kan Umaru. Ka gaida mutanen Damargu da ke zangon, da duk wanda ya san mu. Maigida yana gaishe ka, haka Ahmadu da iyalinsa. Balki ta ce a gaida Kawu, ta ce a tambaye ka ko da gaske ne ruwan teku ba a ganin ƙarshensa. Fadimata da jaririnta suna gaisuwa, Ɗanmalam mai rubutu ma ya ce a sa tasa. Inna ce kaɗai ba ta ba da saƙon gaisuwa ba. Na gaya mata zan aika takarda, ta tambaye ni wurin wa, tunda kowa nata yana gida.

Allah ya sada mu da alheri, amin. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Sakinatu